Hurumin Fuska

Asabar, 2 ga Safar 1376, bayan azahar

Bismillahi. Audi ne ya ba ni wannan littafi mai layi-layi, wai in riƙa rubuta karatun aski a ciki tunda kaina kwando ne. Ya ce in rubuta da boko in na isa. Na ce ajamina ya ishe ni zagin bawana. Ya ce wane ne bawan? Audi ɗan Gwaggo Hansai ne, ƙanwar babana, taubashina ke nan, kuma tun muna yawo ba wando muke shari'ar wane ne bawan wani a cikinmu. Har yau ba a yanke ba.

To ga karatun. Watana huɗu a rumfar Maigida Sanda a nan Unguwar Shanu. Wanzami ne ɗan wanzami, amma ba aski ke kawo masa akawuna a kan kekuna ba. Tausar fuska ce, wadda ya koyo wurin wani Ba'indiye lokacin yaƙin Bama. In ya gama gyaran fuska sai ya rufe ta da tsumma mai zafi, ya bi ta da man kaɗe, ka ga babban akawu mai sa a yi shiru a ofis yana minshari baki buɗe.

Kullum magana ɗaya yake yi mana ni da Mamman, abokin koyona, har na iya muryarsa. A wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. A yanke farce. Tsumma ka fara ɗora shi a wuyan hannunka, in ya ƙona ka zai ƙona mutum. Ido kafin hannu, in ka ga ƙurji ko makero ko jan ido ka ba mai fuska haƙuri ya tafi. Hannu sama yake tafiya, daga haɓa zuwa kunne, ba a jan fata ƙasa, shekaru za su yi wannan ba sai an taya su ba. Gefen ido da yatsan zobe ake binsa, don shi ne raggo a cikin yatsu. Maƙogwaro kuwa ba ruwanka da shi.

Yau ya ƙara sabo. Ya ɗauki gawayi ya zana a fuskar Mamman, daga karan hanci zuwa kusurwar baki nan da nan, ya haɗe ta ƙasa. Ya ce wannan fili hurumi ne. Ana wucewa a hankali, ba a noma. In ƙurji ya fito a ciki, ko na ɗan wane ne, ba a matsa shi, ba a tsaga shi.

Na ce, "Maigida, hurumin kiwo ko na maƙabarta?"

Ya ce, "Wanda ka zaɓa." Bai yi dariya ba.

Ban gaya wa Mamman gawayin na nan ba. Haka ya je kasuwa sayen goro ya dawo yana mamakin yadda yau kowa ke masa fara'a.

Har yanzu fuskar Mamman kaɗai aka yarda in taɓa. Maigida ya ce wanda ya sa hannu a fuskar baƙo ba izininsa, ya naɗe tabarmarsa. Ya taɓa korar wani a kan haka.

Litinin, 4 ga Safar, da magariba

Audi ya sami aikin akawu. Litinin mai zuwa zai fara. Gwaggo ta yi guɗa har kaji suka watse, ta raba waina gida-gida. An kai wa tela farin yadi.

Na je taya murna na tarar wani ƙurji ya fito masa a ƙarƙashin hanci, ja, da farin kai. Na durƙusa na ce ranka ya daɗe. Audi ya fara kumbura, na ce ba da kai nake ba, da Hakimi nake, ga shi nan ya zo da rawaninsa. Ya jefe ni da murfin kwano. Ya ce in ya fara aiki zai ɗauke ni mai goge masa keke.

Ya yi makarantar midil, ni na yi allo. Ba komai. Shi ma ai sai ya zauna a kujerar wanzami ya miƙa wuya.

Laraba, 6 ga Safar, bayan la'asar

Maigida ya tafi Katabu askin suna, Mamman ya riƙe masa zabira. Ni aka bar wa rumfa da tsintsiya.

Audi ya zo. Ya zauna a kujera ya ce, "Zo nan, bawa, in ga abin da ka koya wata huɗu banda surutu."

Na wanke hannu. Wannan na yi, Allah ya gani. Tsumma ma na gwada a wuyan hannuna. Na bi daga haɓa zuwa kunne yadda ake yi, gefen ido da yatsan zobe. Ya lumshe ido ya ce ashe bawan nan zai yi amfani. Hakimi na kallona.

Sai muka yi wasa.

Ya yi tsalle daga kujera ya bi ni da takalmi har bakin rijiya, idonsa na zubar da ruwa, yana dariya yana zagina. Na ce ai alheri na yi masa, wa zai shiga ofis da mutum biyu a fuska ɗaya?

An tuɓe Hakimi. Na wanke tsumman na shanya kafin su dawo.

Alhamis, 7 ga Safar, da hantsi

Na yanke farcena. Ya yi tsawo, tun waccan Juma'a ban yanke ba.

Juma'a, 8 ga Safar, bayan masallaci

Leɓen Audi na sama ya kumbura. Na ce masa Gwaggo ta haifi raƙumi ba ta sani ba. Ya yi dariya da gefe ɗaya na baki, ya ce kada in sa shi dariya, zafi yake yi. Ya ce kansa na sara.

Zuwa Litinin zai saɓe. Ƙurji ne kawai. Ni ma na sha yin irinsa.

Asabar, 9 ga Safar, da hantsi

Zazzaɓi. Kumburin ya hau gefen hanci ta hagu. Gwaggo ta ce kambun baka ne, maganar aikin nan ta yi yawa a bakin mutane, ita ma da laifinta da ta raba waina. An karɓo rubutu, an yi hayaƙi.

Da zan fita ta ce, "Sabo, ka gaya wa maigidanka ya leƙo ya duba ɗan'uwanka, ko ƙaho zai yi masa."

Na ce to.

Asabar ɗin dai, bayan la'asar

Ban gaya masa ba. In ya ga fuskar nan zai san hannun da ya bi ta.

Gobe in bai yi sauƙi ba zan faɗa.

Lahadi, 10 ga Safar, bayan azahar

Na ce wa Gwaggo Maigida aiki ya yi masa yawa, amma yana nan tafe.

Idon hagu ya rufe. Fatar ta yi sheƙi kamar an shafa mai. Da Gwaggo ta ɗaga ta da yatsa don ta ɗiga ruwan rubutu, na ga ƙwayar ta turo waje, ja, ba ta juyawa. Na kalli bango.

Mata sun cika ɗakin, maƙwabta da 'yan dubiya. Audi yana ta sambatu, yana lissafin Turanci, yana kiran tela. Can ya buɗe ido mai lafiyar ya gan ni a bakin ƙofa. Ya ɗaga hannu ya nuna ni, ya ce da murya sarai, "Inna, Sabo ne ya kashe ni."

Ɗakin ya fashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Kun ji ɗan nema, yana kwance ma ba zai bar taubashinsa ya huta ba." Gwaggo tana share hawaye tana dariya, ta ce alhamdu lillahi, tunda ya fara tsokana sauƙi ya zo. Ta ce, "Rama mana, Sabo, ko yau bakin ya mutu?"

Na ce, "Wa zai kashe bawansa ya rasa mai ɗebo masa ruwa?"

Suka ƙara dariya. Ni ma na yi.

Litinin, 11 ga Safar, da safe

Yau ne. Tela ya aiko da farin kaya, an rataye su a ƙusa saitin gadonsa. Babana ya je ofishin ya ba da haƙuri, sun ce za su jira mako guda.

Maigida ya ce, "Ina taubashinka? Na zaci zai zo gyara kafin ya shiga ofis."

Na ce zazzaɓi ne ya ɗan taɓa shi.

Litinin, da magariba

Bai gane ni ba. Wuyansa ya sandare.

Gobe.

Talata, 12 ga Safar, bayan isha'i

Zan rubuta yadda aka yi a jere.

Da hantsi wani direba ya zo da maruru a gefen hanci, ya ce a tsaga masa ya huta. Maigida ya duba, hannunsa a baya, ya ce ba zai taɓa ba, ya je asibiti. Direba ya ce wane irin wanzami ne ke tsoron maruru? Maigida ya ce irin wanda ya je Bama. Ya ce suna da wani saja, Adamu, ƙato, harsashi ya bi ta kafaɗarsa bai kwanta ba. Ƙurji ya fito masa a leɓe, abokinsa ya matse masa da safe don za a yi fareti. Likitan soja ya gaya musu daga baya cewa jijiyoyin wurin nan ba waje suke zubarwa ba, ciki suke bi, ta bayan ido har kwanya, in ka matsa ka tura dattin can da hannunka. Ya ce da fari leɓe, sai ido, sai wuya.

Direba ya ce, "Ya tashi?"

Maigida ya ce, "Kwana tara."

Na ƙirga a yatsuna a ƙarƙashin riga. Laraba zuwa yau.

Da direba ya tafi na ce, "Maigida, na shiga hurumi."

Yana wasa aska a fata, bai ɗago ba. Ya ce, "Sabo, yau ba na jin wasa."

Na ce ba wasa ba ne. Ban san yadda ake faɗin magana a yarda ba, ban taɓa koya ba. Sai na durƙusa. Da ya ga haka ya ajiye askar.

"Na wa?"

"Audi."

"Yaushe?"

"Ranar da kuka je Katabu."

"Ido ya fito?"

Na ce tun Lahadi. Na ce Gwaggo ta aiko ni wurinsa tun Asabar.

Na jira mari. Bai mare ni ba. Ya ce wa Mamman ya rufe rumfa, ya ce mini wuce gaba. Ban taɓa ganin tsohon nan yana gudu ba sai yau.

A ɗakin ya duba fuskar bai taɓa ba. Ya ce a nemo mota yanzu. Gwaggo ta tare ƙofa, ta ce ba za a kai mata ɗa inda zai cika a hannun baƙi ba, malam ya ce bakin mutane ne kuma ana kan aiki.

Maigida ya ce, "Hansai, wannan ba baki ba ne. Hannu ne."

"Hannun wa?"

Maigida ya dube ni. Ya matsa gefe ya bar ni a tsakiyar ɗaki.

Na ce, "Gwaggo, ni na matse masa ƙurjin. Ranar Laraba, a rumfa. Kuma ban kai saƙonki ba."

Ta ce, "Kai dai ba ka san lokacin wasa ba." Har ta fara juyawa. Sai ta sake dubana, ta daɗe. Ta zauna a bakin gado.

Ta ce, "Ai ya faɗa. Ya faɗa da bakinsa, muka yi dariya."

Motar itace aka samu. Ni na riƙe kansa a cinyata har asibiti. Zafinsa ya ratsa wandona.

Laraba, 13 ga Safar, da azahar

Likita ya yi magana, malamin asibiti ya juya mana da Hausa. Ya ce me ya hana a kawo shi tun Asabar? Babana ya ce ba mu sani ba ne. Ba wanda ya kalle ni. Da sun kalla ya fi.

Allura suke masa, dare da rana, in an yi wannan kafin a jima an zo da wata. Sun ce ba su yi alkawari ba.

Alhamis, 14 ga Safar, da safe

Kwana tara in an haɗa da Larabar. Yana numfashi.

Juma'a, 15 ga Safar, bayan la'asar

Na naɗe tabarmata na je yi wa Maigida sallama. Ya ce ajiye.

Ya ce, "Kora sauƙi ce a gare ka, ba zan ba ka ita ba. Matsa ƙurji wauta ce, na ga manya sun yi. Kwana uku da ka riƙe saƙon uwarsa, wannan ban san sunansa ba." Ya ce daga yau duk yaron da ya zo koyo, ni zan zana masa hurumi, ni zan gaya masa dalili, da sunan wanda abin ya faɗa wa.

Mamman ya kwanta in yi koyo a fuskarsa. Hannuna ya ƙi. Maigida ya ce za mu zauna har ya yarda. Mun zauna.

Lahadi, 17 ga Safar, da hantsi

Yana numfashi.

Na gai da Gwaggo a ƙofar asibiti. Ta amsa. Lafiya lau, lafiya lau, kamar mai amsa wa mai tallan itace. Da can in na gaishe ta cewa take yi, ja'iri, me ka ɓata yau?

Talata, 19 ga Safar, da magariba

Zazzaɓin ya sauka. Ya sha kunu cokali biyar. Babana ya yi sujada a kan simintin baranda.

Ban shiga ba. Na tsaya ta taga.

Alhamis, 21 ga Safar, bayan azahar

Idon hagu ya tafi. Kumburin ya saɓe, ƙwayar ta koma mazauninta, amma likita ya kunna ashana a gabanta bai gani ba. Fatar idon ma ba ta ɗaguwa sai da yatsa. Sun ce haka zai zauna.

An ba wani aikin. Ɗan Zariya ne, an ce. Sun jira har kwana goma, ba su yi laifi ba.

Gwaggo ta sauke farin kayan daga ƙusa ta sa a adaka.

Asabar, 23 ga Safar, da safe

Mamman ya ce rumfa ta yi shiru kamar gidan makoki, in ɗan sa masa gawayi mana ko ya ji daɗi. Na ce Allah ya ba shi haƙuri.

Laraba, 27 ga Safar, da hantsi

Larabgana. Ba wanda ya zo aski, kowa na gudun ƙarfe yau, ana ta shan rubutun tsari. Mutane na tsoron wannan Laraba. Tawa ta wuce tun farkon wata, ba wanda ya sha mata komai.

An sallamo shi jiya. Na je da rake, don yana so. Na tsaya a zaure ina shirya abin da zan ce. Duk abin da ya zo bakina tsokana ce, ban da wata magana da shi, tun muna yara ba mu taɓa yin wata ba. Na ba yaran gidan raken na dawo.

So nake ya aiko a kira ni ya zage ni. Ya jefe ni da takalmi, da murfin kwano, da abin da ya samu. Ya ce bawa, ka ci amanar ubangijinka. Ni zan yarda ma a yanke shari'ar, ni ne bawan.

Asabar, 8 ga Rabi'ul Awwal, bayan la'asar

Ya zo rumfa.

Ya rame, riga na yawo a jikinsa, yana juya kai gaba ɗaya in zai dubi hagu. Gemu ya cika masa fuska. Ya gai da Maigida, ya ce wani ɗan kasuwa a Mando na neman mai rubuta masa wasiƙu, gobe zai je a gan shi, yana so a gyara shi.

Maigida ya duba fuskar, hannunsa a baya. Tabo ne kawai a ƙarƙashin hanci, ƙarami, bai kai ƙwayar gero ba. Ya yi masa aski da kansa. Da ya gama ya miƙo mini tsumma. Ya ce wa Audi, "In ba ka so, ka faɗa." Audi ya ce ba komai.

Fuskar baƙo ta farko da aka ba ni izini.

Na wanke hannu har gwiwa. Na nuna wa Maigida farcena. Na ɗora tsumma a wuyan hannuna, na jira, na ɗora masa. Daga haɓa zuwa kunne. Goshi daga tsakiya zuwa gefe. Gefen idon dama da yatsan zobe. Na hagun na tsaya, Maigida ya girgiza kai, na bar shi. Hurumi na kewaye shi ta nesa. Ban taɓa yin aiki mai kyau irin na yau ba, Mamman ma ya faɗa.

Duk lokacin ina jira. Na bar masa ƙofa ko'ina. Har na sa man kaɗe ya ɗan yi yawa a kunnensa da gangan, don ya ce wani abu.

Ya tashi ya goge kunnen da kansa. Ya ɗauki madubi ya duba, ya mayar. Ya sa hula. Sannan ya juyo da kansa gaba ɗaya, ya dube ni da idon da na bar masa.

Ya ce, "Na gode, Malam Sabo. Allah ya saka da alheri."

Shekara goma sha tara, bai taɓa yi mini godiya ba.

Na ce, "Amin, Malam Audi. A sauka lafiya."